Za mu je Malaga da Giranada: me Musulmi zai iya ci a wuraren tapas?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa Sifaniya. Maigidana yana da taron aiki na kwana uku a Malaga a watan Yuni, ya ce mu tafi tare, in an tashi daga taron mu wuce Giranada mu kwana biyu mu ga Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi na Andalus. Biza ta fito, alhamdulillahi, tikitin shiga Alhambra ma mun saya tun yanzu saboda an ce yana ƙarewa da wuri. Abin da ya hana ni sukuni shi ne abinci.

Abokan aikinsa na can sun rubuto masa cewa daren farko za su kai mu cin tapas da kayan teku. Na duba hotunan irin wuraren, kusan kowanne sai in ga cinyoyin alade a rataye saman kanta, ga kwalaben giya a jere. Gabana ya faɗi. Ba na so in je ƙasar mutane in yi kwana biyar ina shayi da burodi a ɗakin otal, kuma ba na so in kunyata shi gaban mutanen da suka karrama mu. Amma ba zan sa haram a bakina don kara ba.

Shin tapas ɗin nan abinci guda ne ko kuwa? Halittun ruwan nan masu ɓawo da masu hannaye barkatai, ya halatta a ci? Kuma me zan ce wa mai kawo abinci, tunda ko kalma ɗaya ta Sifaniyanci ban iya ba?

Baban Ummi:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, ba za ki kwana da yunwa a Malaga ba. Na yi shekara biyu ina karatu a Giranada, kuma duk lokacin da aljihu ya ɗan yi nauyi nakan hau bas in gangara Malaga, tafiyar awa biyu ko ƙasa da haka, ba don komai ba sai don kifi.

Tapas ba sunan abinci guda ba ne. Ɗan ƙaramin faranti ne, loma huɗu ko biyar, da ake kawowa tare da abin sha. Kalmar daga tapar ta fito, wato rufewa, kuma labarin da suka fi bayarwa shi ne a da ana ɗora yankan burodi a bakin kofi don kada ƙuda ya faɗa. In mutane suna da yawa sai a nemi ración, babban faranti da ake ajiyewa a tsakiyar tebur kowa ya sa cokalinsa, ko media ración, rabinsa ke nan. Tunda a tsakiya ake ajiyewa, kuma masu masauki ne za su zaɓa, maganar alade da giya tun kafin ku tashi daga gida ya kamata maigidanki ya yi ta. Ya rubuta musu yau. Ba za su ji haushi ba, mutanen kudu sun saba zama da Musulmi, Maroko tana tsallaken ruwa.

Ga abin da na daɗe ban gane ba. Ni ma da na je, farantin teku nake gudu, ina fakewa da na ganye da dankali. Ashe tarkon yana can inda na fake. A watana na farko na je Kodoba, wato Ƙurɗuba garin mai tafsiri, na nemi salmorejo, miyar tumatir ce mai kauri da sanyi da ake niƙawa da burodi, man zaitun da tafarnuwa. Na tambayi yaron ko akwai carne a ciki, wato nama, ya ce babu. Da ya dire kwanon sai ga dafaffen ƙwai a sama da wasu 'yan jajayen gutsattsari. Na nuna masa su. Ya ce ai wannan jamón ne, ba nama ba ne. Ba yaudarata ya yi ba, a wurinsu busasshen naman aladen nan kamar gishiri yake, ana barbaɗa shi a kan wake, ƙwai, ganye, har a cikin romo. Ya ɗauke, ya kawo wani sabo da ƙwai kawai. Daga ranar ban ƙara tambaya da kalmar nama ba. Ki kira abin da sunansa: sin jamón, ban da shi ke nan. Ki ƙara da ¿lleva cerdo?, akwai alade a ciki? da ¿lleva vino?, akwai giya a ciki? Lafazin “yeba serdo”, “yeba bino”, jamón kuma “hamon”. Ki rubuta su a takarda ki sa a jaka, in baki ya sarƙe ki miƙa.

Sunayen da za ki kauce wa a takardar abinci: chorizo, lomo, morcilla, panceta, tocino, ibérico, serrano, da manteca wanda shi ne kitsen alade, suna sa shi a wasu kayan fulawa. Croquetas, 'yan dunƙulen nan soyayyu masu kyan gani, yawancinsu da jamón ake yi. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne pinchos morunos. Sunan yana nufin tsiren Larabawan Magrib, kayan ƙamshin ma irin nasu ne, amma a mafi yawan wurare da alade ake yinsa.

To, mu koma teku, inda daɗin yake.

In da za a ce in zaɓa miki abu ɗaya a Malaga, espeto ne. Ki ce su kai ku Pedregalejo ko El Palo, tsoffin unguwannin masunta a gabashin gari. A bakin ruwa za ki ga ƙananan kwale-kwale an cika su da yashi, an hura wutar itace a kai. Mai gashi zai tsire ɗanyen sadin biyar ko shida a tsinke guda, ya watsa musu gishiri mai gari-gari, ya kafa tsinken a yashi a gefen wutar, a karkace, ta ɓangaren da iska ke fitowa, yadda zafi zai kama kifin hayaƙi ya yi gaba. Minti kaɗan fatar ta tashi ta yi ƙyalli, kitsen yana ɗiga a yashi. Kifi, gishiri, wuta, shi ke nan, babu inda haram za ta ɓuya, kuma a gabanki ake yi. Da hannu ake ci, a matsa lemun tsami in ana so, a zare tsokar daga ƙaya. Kuma kin taki sa'a da Yuni, domin su da kansu suna cewa sadin ya fi ƙiba a watannin da babu harafin r a sunansu, Mayu zuwa Agusta.

Na biyu gambas al ajillo. Jatanlande ne ɓararre da ake jefawa cikin tafasasshen man zaitun da yankakkiyar tafarnuwa da ɗan busasshen barkono, a ɗan kaskon ƙasa. Yana zuwa tebur yana ɓararraka, kada ki kai hannu nan take. Jatanlanden zai ƙare da wuri, amma man da ya rage shi ne magana, da burodi ake dangwalarsa har kaskon ya bushe. Wasu masu girki suna ɗiga farar giya a ciki, don haka a nan ki yi tambayar vino. Haka almejas a la marinera, 'yan ƙumban nan a cikin romo, kusan kullum da farar giya ake haɗa romon. Su na haƙura da su gaba ɗaya.

Ƙa'idar da na bi shekara biyu ita ce in nemi abin da babu romo: a la plancha, gashi a kan farantin ƙarfe, frito, soyayye, a la sal, wanda ake binne kifin a gishiri a gasa. Boquerones fritos, ƙananan kifaye da aka shafa wa fulawa aka soya, ana cinye su har ƙaya. Mutanen Malaga suna son su har laƙabinsu ya zama boquerones. In kina shakkar man suya, ko an soya croquetas a cikinsa, ki tambaya, ko ki nemi wurin da suyar kifi ce sana'arsu.

Sai pulpo, halittar nan mai hannaye takwas. Na yi wata shida ina kallonsa daga nesa. Salon da aka fi sani na Galisiya ne, arewa maso yamma: a dafa shi a ruwa, a yanka hannayen da almakashi kamar kwabbai, a jera a faifan katako, a zuba man zaitun, gishiri da garin jan tattasai. Ba shi da ƙarni ko kaɗan, yana da ɗan tauri mai daɗin tauna. Ki ɗauki guda ɗaya ki gani.

Abu na ƙarshe, lokaci. In sun ce cin dare, ƙarfe 9 suke nufi, ko 10. Na rana daga 2 zuwa 4, bayan nan yawancin kicin a rufe suke har 8. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi, sai ku tsara magariba da hakan.

Malamin Islamiyya:

Allah ya saka wa Baban Ummi da alheri. Game da halacci, Hajiya, Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 96, an halatta muku farautar teku da abincinsa. Kuma a Muwaɗɗa akwai hadisin da aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ruwan teku, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. A kan wannan mazhabar Malikiyya ta halatta abin da ke rayuwa a teku, jatanlande, ƙaguwa, masu ɓawo da mai hannaye takwas ɗin duka, ba tare da yanka ba. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi, shi ya sa in kun haɗu da ɗan Turkiyya ko Pakistan yana ƙin ci kada ki yi mamaki, kuma kada ki ɗauka ku ne a kan kuskure.

Amma akwai abin da ban ji an taɓo sosai ba. Ba abin da ke farantinki kaɗai ba ne. Tirmizi ya ruwaito hani ga mai imani ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Mutanen nan al'adarsu ce su ci da giya, ba da mugun nufi ba. Tunda an ce maigida ya rubuta musu, to ya haɗa da wannan cikin ladabi. In sun karɓa, madalla. In abin zai yi musu nauyi, ku nemi a mayar da gayyatar shan kofi da rana, ku biyu kuma ku je cin kifinku daban.

Anti Nas:

Ƙanwata, ni ta ɓangaren lafiya da aljihu zan shigo. In ba ki taɓa cin jatanlande da dangoginsa da yawa ba, kada ki fara da cika ciki. Akwai jikin da ba ya karɓarsu, kuma mutum ba ya sani sai ya ci: ƙaiƙayin leɓe, kumburin fuska, borin jini, wani har numfashi ya sarƙe. Ki ɗanɗana kaɗan ki saurara. In numfashi ya fara wuya, 112 ake kira, kyauta ne. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa mutane irin wannan, shi ya sa za ki ga 'yan alamomi a gefen kowane abinci, na kifi, na ƙwai, na masu ɓawo. Amma ki lura, alade ba ya cikin 14 ɗin, rashin alama ba shaida ba ce.

In kina da juna biyu ki bar boquerones en vinagre. Ba a dafa su, a ruwan kal kawai ake jiƙa su har su yi fari. Doka ta ce a daskarar da kifin tukuna saboda tsutsar anisakis, amma mai ciki gara ta tsaya kan abin da ya ga wuta.

Na aljihu kuma, ni ya faru da ni a Basalona. Muka zauna da 'yata a wani wuri kusa da bakin ruwa, na ga kifi an rubuta yuro 7 a gefensa, na ce a kawo. Aka kawo katon kifi guda, muka ci muka gode Allah. Da takardar kuɗi ta zo sai ga yuro 63. Ashe 7 ɗin kuɗin giram 100 ne, an rubuta da ƙananan haruffa, kifin kuma giram 900. Kuɗin da na ware na kwana biyu ke nan, kuma har yau in na tuna raina yana sosuwa, don yaron ya ga baƙi ne bai ce mana komai ba. In kin ga kg ko 100 g, ko haruffan S/M, wato gwargwadon kasuwa, ki ce a auna a faɗa miki kuɗin kafin a ɗora a wuta. Zama a waje ma wani lokaci ya fi zama a ciki tsada, burodin da za a ajiye ba ki nema ba shi ma yakan shiga lissafi. Ruwan famfo dai kyauta ne, tun 2022 doka ta ce su bayar in an nema, agua del grifo ake cewa.

Kuma ki guji kifin Litinin in da hali. Yawancin masunta ba sa fita Asabar da Lahadi.

Baban Ummi:

Malam ya yi gaskiya, na gode da cike giɓin. Na manta ban yi maganar Giranada ba, alhali can ne aka fi buƙatar kula. A can al'adar ita ce duk abin shan da ka saya, ko lemo ne, tapa kyauta take biyo shi, kuma sau da yawa mai wurin ne ke zaɓa. Abin da suka fi turowa carne en salsa, shi kuma alade ne. Tun kina neman abin sha ki ce tapa de pescado, ta kifi. Kada ki ce caña, ƙaramin kofin giya ke nan. Ki nemi mosto sin alcohol, ruwan inabi zalla marar sa maye, don a wasu wuraren kudu akwai sabuwar giya da ita ma ake kira mosto. Amma miel de caña da za ki gani a kan soyayyen yalo, berenjenas con miel, ba ruwansa da giya, baƙin ruwan rake ne mai kauri. Ki ci wannan don Allah, shi na fi kewa.

In kun gaji da tambaye-tambaye, ku hau Albaisin, tsohuwar unguwar Musulmi. A titin Calderería Nueva akwai shagunan shayi da gidajen abincin 'yan Maroko, nama na halal. A can sama kuma akwai babban masallacin garin da aka buɗe a 2003, jikin dandalin San Nicolás, daga lambunsa Alhambra tana fuskantarki. Ki kasa kunne ga sunayen kayan abinci ma, za ki ji Larabcin da Andalus ta bari: aceite mai, daga az-zait; aceituna zaitun; arroz shinkafa; azúcar sukari.

Maman Biyu:

Jama'a mun dawo lafiya, na ce ba zan yi shiru ba tunda kun yi mini ɗawainiya.

Maigida ya rubuta musu kamar yadda Yaya Baban Ummi da Malam suka ce. Matar da ke shugabantar sashen nasu ta amsa a ranar, ta ce ba komai. Ta canza wurin ma, ta kai mu Pedregalejo, tebur a kan yashi. Mu bakwai ne, babu wanda ya nemi giya har muka tashi, ruwa da mosto aka sha. Ni ban san yadda zan gode mata ba. Ita ta riƙa tsayar da yaron tana tambayarsa kowane faranti kafin ya ajiye. Sau ɗaya ya kawo wake kore da jajayen gutsattsarin nan a kai, kyautar mai wurin, na gane su tun daga nesa saboda labarin Ƙurɗuba. Kafin in buɗe baki ta ce ya mayar.

Espeto kuwa, Yaya, ba ka faɗi rabinsa ba. Na tashi na je na tsaya gefen kwale-kwalen ina kallon dattijon da ke gashin. Hannunsa duk gishiri, bai ko kallon kifin in zai tsire shi, tsinken yana bi ta gefen ƙashin baya, in ya juya babu wanda ke zamewa. Da ya ga na daɗe a tsaye sai ya zare guda ɗaya ya ɗora a yankan burodi ya miƙo mini. Na ci a tsaye, yana ƙona mini yatsu, iskar teku tana kaɗa mini mayafi. Tsinke biyu na ci ni kaɗai a daren.

Jatanlanden na bi maganar Anti, guda biyu na fara ci na jira, jikina bai ce komai ba, sai na ƙarasa har da dangwalar man. Pulpo ne dai na kasa. Na ɗauki guda na tauna, ɗanɗanon ba laifi, amma da idona ya sauka kan 'yan ƙofofin nan da ke jikin hannun sai maƙogwarona ya rufe. Maigida ya cinye nawa da nasa, washegari ma shi ya sake nema.

A Giranada sau ɗaya na yi sakaci ban ce de pescado ba, aka kawo nama a romo. Muka mayar, yarinyar ta kawo soyayyen yalo da baƙin ruwan raken maimakonsa, ba ta ƙara ko sisi ba. Na sayo kwalba biyu na ruwan raken a kasuwar Atarazanas ta Malaga kafin mu hau jirgi. Yaya Baban Ummi, yaya ake yi yalon ya fito da ƙaras-ƙaras haka bai sha mai ba? Na gwada sau biyu, duka ya yi laushi. A gishiri ake jiƙa shi tukuna ko a madara?